Sa'adu Zungur: Daga Zauren Bauchi Zuwa Zariya

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin nazarin waƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, lalle ya ci karo da sunan Malam Sa'adu Zungur, sai dai galibi akan karanta baitocinsa a manta da cewa a wannan ƙasa ta Zazzau, tun jami'ar ba ta zo duniya ba, ya soma tara matasa suna muhawara a kan makomar Arewa.

An haife shi a Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malamai, inda ya sauke Alƙur'ani, ya sha fiƙihu da nahawu da lugga a gaban magabatansa. Daga nan ya shiga Kwalejin Katsina, a 1934 kuma ya zarce Kwalejin Yaba ta Ikko, abin da ɗan Arewa bai taɓa yi ba kafinsa. A ganina, wanda bai fahimci wannan tushe ba, ba zai gane mutumin ba, domin hujjar da yake kafa wa Turawa da sarakuna daga littattafan zaure ya ɗebo ta, shi ya sa da wuya abokin jayayya ya ce masa ɗan boko ne da ya bar tafarki.

Da aiki ya kawo shi Zariya yana koyar da duba-gari, sai ya tarar da gari yana motsi: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Sabon Gari kuwa cike da ma'aikatan reluwe da akawuna 'yan Kudu masu karatun jarida. A nan ya kafa taron zumunta na 'yan boko, kafin rashin lafiya ta mayar da shi gida, inda ya sake haɗuwa da Malam Aminu Kano, wanda ya ɗauke shi tamkar malami.

A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe a Ikko, daga bisani ya karkata ga jam'iyyar NEPU. Waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya nasiha ce ga sarakuna su gyara mulki tun ba a gyara musu ba, Waƙar Bidi'a kuwa faɗa ce da al'adun da suka saɓa Sunna. Allah Ya karɓi ransa a 1958, saura shekara 2 a samu mulkin kai.