Ciwon Gwiwa Ba Sanyi Ba Ne Kawai

Da zarar ma'aikaci ya ba shekara 45 baya, sau da yawa akan ga hawan benen ofis ya fara yi masa wuya, tashi daga sujada kuwa sai da dafa ƙasa. Jama'a kan ce sanyi ne ya kama shi. Likitoci kuwa sun bayyana cewa guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan gwiwa ne yake cinyewa sannu a hankali, kuma da yake jini ba ya ratsa shi, da wuya ya koma yadda yake a da.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan cuta ta amosanin gaɓɓai, kashi 60 cikin 100 mata ne.

Abin takaici, da yawa daga cikin masu ciwon kemis suke nufa. Diclofenac yana kwantar da zogi, amma yawan shansa yana haddasa gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda. Dexamethasone da wasu ke cusawa cikin "haɗi" ya ma fi muni, gama yana raunana ƙashin kansa.

Alhali rage ƙiba ba ya cin ko kwabo. Kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kimanin kilo 4 a kowane taku. Tafiyar ƙasa kullum tana ƙarfafa naman cinya mai tallafe da gwiwa. Zaman kujera tun safe har tashi raunana shi yake yi.

Wanda gwiwarsa ta kumbura ko ta hana shi barci, lalle ne ya ga likita, in ta kama a tura shi babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.