Ƙarin rumbunan adana bayanai domin sa ido kan hanyoyin sadarwa a Makka

 A yau shirin zai leƙa unguwar Jarwal ne da ke birnin Makka, domin duba wani aiki da mai riƙe da wayar salula ba ya gani, wato yadda ake ƙara rumbunan adana bayanai ga tsarin da ke sa ido a kan zirga-zirgar saƙonni a hanyoyin sadarwa.

Ita dai Jarwal unguwa ce da ba ta da nisa da Harami, tana da masaukan alhazai da dama, kuma Hausawa sun daɗe da zama a cikinta. A shekarar 2023 mutane fiye da miliyan 1.8 ne suka yi aikin Hajji, inda aka ware wa Najeriya kujeru 95,000. Da zarar an idar da sallar isha'i an koma masauki, sai dubban mutane su nemi gida a lokaci guda, wasu da murya, wasu da bidiyo ta WhatsApp. Wannan nauyi kuwa yana sauka ne a kan kamfanonin sadarwa na Saudiyya, wato STC da Mobily da Zain. Idan layi ya cushe, tsohuwar da ta ɓace wa 'yan rakiyarta ba za ta iya kiran kowa ba.

To shin yaya injiniyoyi ke gane inda cunkoson yake? Hanya ta farko ita ce a kwafi duk abin da ya bi ta layin. Sai dai layi ɗaya mai ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, idan ya cika maƙil, zai fitar da terabait 108 a kwana guda. Shi ya sa aka fi bin hanya ta biyu, wadda ta yi kama da aikin ɗan kamasho a tasha: ba ya buɗe kayan fasinja, sai dai ya rubuta cewa mota kaza ta tashi zuwa gari kaza da ƙarfe kaza. Kamfanin Cisco na Amurka ne ya fito da irin wannan tsari a shekarar 1996 da sunan NetFlow. A wani tsohon nau'insa, kowane rubutu bait 48 ne kacal. Amma mu ɗauka ana samun rubutu 100,000 a kowace daƙiƙa, to kafin gobe war haka an tara sama da gigabait 400.

Idan rumbu ya cika, ko dai a goge tsofaffin bayanai, ko kuma sababbi su zube a ƙasa. Abin takaicin shi ne hakan ya fi faruwa a daidai lokacin da cunkoso ya yi tsanani, wato sa'ar da aka fi bukatar bayanan domin gano musabbabin matsala, da kuma shirya wa baɗi.

Mafita ita ce a ƙara manyan kwamfutocin ajiya, waɗanda ake kira uwar garke. Sai dai ba a sayen su ne wahalar take ba, tana wurin raba musu kaya ne. Misali, idan kana da kwamfutoci 9 kana raba musu bayanai bi da bi bisa lambar kowane rubutu, ranar da ka kawo ta 10, kimanin kashi 90 cikin 100 na bayanan sai sun sauya mazauni. Wannan kwashe-kwashe kaɗai na iya toshe layin da ake son gyarawa. A shekarar 1997, David Karger da abokan aikinsa a jami'ar MIT da ke Amurka suka bayyana wata dabarar lissafi da ta rage wannan wahala. Da ita, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai za su koma sabuwar kwamfutar, sauran kuwa kowa ya zauna inda yake.

Baya ga haka, ba a ajiye kwafi ɗaya. Yawancin manyan tsare-tsare kan ajiye kwafi 3 a kwamfutoci daban-daban, ta yadda idan faifan ɗaya ya mutu ba a yi asara ba. Ke nan mai bukatar terabait 100 sai ya tanadi 300. Haka nan dole agogon dukkan na'urorin ya zo daidai, in ba haka ba rubutun da ya fito daga turken sadarwa a Jarwal ba zai haɗu da takwaransa na Mina ko Arfa ba. Kana kuma kowace sabuwar kwamfuta tana cin wutar lantarki tana fitar da zafi, a garin da zafin rana kan haura digiri 45 a lokacin bazara.

Saboda haka masana ke ba da shawarar a yi ƙarin tun kafin baƙi su iso, a gwada shi a lokacin Umrar watan azumi. Da yake lokacin Hajji na matsowa da kimanin kwanaki 11 a kowace shekara, dole jadawalin injiniyoyi ya bi shi.

Daga ƙarshe akwai batun amana. Ko da ba a ji abin da aka faɗa ba, rubutun na nuna wace na'ura ce ta tuntuɓi wacce, kuma a wane lokaci. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a watan Satumban 2023, ta bukaci a goge bayanan mutum idan dalilin tattara su ya ƙare. Don haka kafin a ƙara rumbu, sai an fara tsayar da abin da za a zuba a ciki, da tsawon lokacin da zai zauna, da kuma wanda ke riƙe da makulli.