Adalci a Ƙetaren Gada

A watan Fabrairun 2000, lokacin da maganar shari'ar Musulunci take gaban Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, masu nema da masu adawa kalma ɗaya ce a bakinsu: adalci. Ni dai ba na jin akwai mai ƙarya a cikinsu.

Musulmin Tudun Wada ya tashi da labarin yadda Turawa suka rage wa alƙalai ƙarfi, har dokar Final Kot ta 1960 ta maye gurbin shari'ar Musulunci wajen hukunta laifuka. A wurinsa, kayan da aka ƙwace yake neman a maido. Shi kuwa Kiristan Kakuri ko Sabon Tasha, wanda iyayensa suka zo daga Zangon Kataf ko Kachia, wani labari daban aka shayar da shi: hakiman Zazzau da aka ɗora wa kakanninsa a zamanin En'e, da haraji, da tsayawa gaban alƙalin da ba ya jin yarensu. Da ya ji an ce shari'a, wannan tabon aka fama. Yawancin saɓanin siyasa daga nan yake tsirowa. Kowa da abin da aka yi wa gidansu, kowa da abin da yake tsoron a maimaita.

To da can ba su san wannan tarihin ba ne? Sun sani sarai. Amma da can akwai masaƙu. Tun daga 1957 da aka buɗe KTL a Kakuri, daga baya UNTL da Arewa Textiles suka biyo, Bahaushe da Bajju da Tibi inji ɗaya suke tsayawa, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, kukan albashi ɗaya. Ana musu har a ɗaga murya, sai dai kana jin hujjar mutum daga bakinsa, ba daga bakin mai zuga ka ba.

Masaƙun suka durƙushe, rikicin 2000 da na 2002 kuma suka raba gari. Musulmi da yawa suka haye gada zuwa arewa, Kiristoci suka gangaro kudu, har ana kiran ɓangarorin Makka da Kudus.

Gwamna Ahmed Makarfi ya gane bakin zaren. A 2001 ya kafa kotunan shari'a da na al'ada gefe da gefe, ya kuma ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar. Bayan rikicin 2002, wuta ta lafa. Gidajen da aka sayar cikin gaggawa kuwa ba su dawo ba, har yau yaro kan girma a Unguwan Romi bai taɓa cin naman layyar maƙwabci ba.