Gawar Da Ke Noman Gonar Wani

 

Ranar Talata, in kasuwar Talata Mafara ta cika, leƙa rumfar masu cajin waya. Za ka tarar samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ana kallon wasu gawarwaki na jan ƙafa, idanu fari fat, baki duk jini. Wani yana ta a'uziyya, ya rufe fuska da tafin hannu, amma yana leƙe ta tsakanin yatsu. Ba wanda ke tashi sai fim ya ƙare. Wannan halitta ita ake kira zombi.

Asalinta ƙasar Haiti ne, can yankin Karebiyan, inda Faransawa suka tara bayi daga Afirka suna noma musu rake, har bayin suka yi tawaye suka ƙwaci 'yancinsu a 1804. Bawan da wuya ta ishe shi, fatansa ɗaya ne: in ya mutu ya huta, ruhinsa ya koma gida Afirka. To sai ga imanin cewa boka na iya tono shi daga kabari, ya riƙe kurwarsa, ya mai da gangar jikin gona. Ba lada, ba magana, ba gardama. Wato ko mutuwa ba ta 'yanta shi ba. Abin da kawai aka ce a kiyaye shi ne gishiri, don in ya ɗanɗana hankalinsa zai dawo.

Akwai wani mutum, Clairvius Narcisse, da likitoci suka tabbatar da rasuwarsa a 1962 aka binne shi. A 1980 sai ga shi gaban 'yar'uwarsa da ransa, yana cewa tono shi aka yi aka sa shi bauta a gonar rake. Wani mai bincike daga Jami'ar Harvard, Wade Davis, ya ce sirrin wani gari ne da ake haɗawa da dafin kifin teku, ɗan'uwan talibambam ɗin nan da masuntanmu suka sani, mai kumbura in an taɓa shi. Dafin, in ji shi, kan jefa mutum doguwar suma har a ɗauka ya cika. Masana da dama sun musa, suka ce dafin da aka samu a garin bai kai ya yi wannan aiki ba.

Ku kuwa da kuka tashi a ƙasar Hausa, labarin nan bai yi muku kama da wani abu ba? Maita mana. An ce maye kan kama kurwar mutum ya ɓoye, sai mutum ya yi ta ramewa yana sambatu, jiki na nan, mai jikin ba ya nan. Shi ya sa ake cewa "kurwata kur", shi ya sa a da ake tilasta wa wanda ake zargi ya tsallaka majiyyaci. Bari in faɗi gaskiya a nan: sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kan yaro ya ambaci sunan maƙwabciya, aka far wa tsohuwar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Amma tsoron ɗaya ne da na mutanen Haiti, a raba ka da kanka kana numfashi. Sai dai mayenmu ci yake yi, nasu bokan kuwa aiki yake sawa, domin kowa da irin wuyar da ya sha.

Amurkawa, da suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, su suka kai labarin gida. A 1968 George Romero ya yi fim ɗin Night of the Living Dead, ya cire boka, gawarwaki suka koma cin naman mutane. Daga baya abin ya zama annoba mai yaɗuwa ta cizo. Nan ne zafin yake. Dodon tatsuniya baƙo ne daga daji, shi kuwa zombi ɗan gida ne, mai bin ka ɗin yana sanye da rigar yayanka. Daɗin kallon kuma, tsoro ne na aro: ka firgita iya firgita, caji ya ƙare, ka tashi ka sayi rake.

Sai dai a Zamfarar yau, tsohon zombin Haiti ya fi na fim kusa da mu. Rahotanni sun sha fitowa daga ƙauyukanmu cewa 'yan bindiga na tara magidanta su yi musu shuka, noma da girbi a ƙarƙashin bakin bindiga, tasu gonar kuwa ciyawa na cinye ta, ko kuma sai an biya haraji kafin a taɓa ta. Mutum ya yi sammako da fartanya, ya yini a sunkuye, ya dawo da magariba hannu wofi, iyali su tambaye shi inda ya yini ya ce gona.