Kwinin da Furotin na Jini: Darasi Daga Kumasi

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Zongon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne. Wannan takarda ta ɗauki kwinin, tsohon maganin wannan zazzaɓi, domin bayyana abin da ke faruwa da magani bayan ya shiga jini, tare da kalmomin Hausa da ɗalibi zai iya amfani da su wajen wannan bayani.

2.0 Ɗaurarren Magani da Sakakken Magani

Idan magani ya shiga jini, kashi biyu yake rabuwa. Wani kashi yana manne wa furotin da hanta ke yi, musamman albumin da wani da likitoci ke taƙaita sunansa da AAG. Wannan shi ne ɗaurarren magani. Ragowar, wanda ke yawo shi kaɗai, shi ne sakakken magani.

Cinikin goro, wanda ya kawo Hausawa ƙasar Asante, zai taimaka a nan. Ɗaurarren magani kamar goron da ke cikin huhu ne. Sakakke kuwa kamar wanda ke kan faranti. Na faranti ake saye, shi ake ci. In ya ragu, sai a ɗebo daga huhu a cike. Haka nan, sakakken magani ne kaɗai yake ratsa jijiya ya yi aiki, shi ne kuma ƙoda ke iya tacewa, domin furotin ya fi ƙarfin matatarta.

3.0 Kalmomi Uku

Bazuwa: yadda magani ke barin jini ya shiga tsoka da kitse da sauran sassan jiki. Maganin da furotin na jini ya riƙe sosai ba ya bazuwa da nisa.

Fitarwa: ƙarfin aikin hanta da ƙoda wajen raba jini da magani.

Rabin wa'adi: lokacin da yawan magani a jini ke ɗauka kafin ya ragu da rabi. Idan rabin wa'adin awa 10 ne, kashi 100 zai koma 50 bayan awa 10, ya koma 25 bayan awa 20. Yawan bazuwa yana tsawaita shi, saurin fitarwa kuma yana gajarta shi.

4.0 Misalin Kwinin

A jikin mai lafiya, kimanin kashi 80 cikin 100 na kwinin ne yake ɗaure, rabin wa'adinsa kuma kusan awa 11 ne. Amma idan zazzaɓi ya yi tsanani, hanta takan ƙara yawan AAG, sai ɗaurarren kwinin ya haura kashi 90. Saboda haka bazuwa takan ragu. Fitarwa takan ragu fiye da haka, domin na faranti ya yi kaɗan, ita ma hantar ta raunana. A ƙarshe rabin wa'adin babban mutum yakan kai kusan awa 18.

Wannan ya warware wani abin mamaki. Yawan kwinin da kan taɓa idon mai lafiya, har ya kai ga makanta idan ya sha fiye da kima, ana samun irinsa a jinin mai zazzaɓi mai tsanani, amma da wuya ya yi masa wannan illa. Dalili shi ne, gwajin jini yana ƙirga na huhu da na faranti gaba ɗaya, alhali na faranti ne ke cutarwa.

A Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, an auna tafiyar allurar kwinin a jinin yara masu zazzaɓi mai tsanani, aka buga sakamakon a 2001. Daga baya Kumasi ta shiga babban gwajin da ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9. Sakamakonsa na 2010 ya nuna atesunet ya fi kwinin ceton rai, a 2011 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba.

5.0 Idan Furotin Ya Yi Ƙaranci

Akasin wannan shi ne tamowar da ake kira kwashiyoko. Kalmar ta harshen Ga ce ta mutanen Akkara, Likita Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitanci a 1935. A wannan cuta albumin yakan ragu ƙwarai. Maganin farfaɗiya fenitoyin, wanda kusan kashi 90 nasa albumin ke riƙewa, zai nuna ƙarancin adadi a gwaji, alhali sakakkensa ya wadatar. Wanda ya ƙara awo bisa wannan adadi yana iya jefa yaro cikin haɗari.

6.0 Kammalawa

Awon magani ba girman jiki kaɗai yake bi ba. Yana bin halin hanta da ƙoda da furotin na jini. Shi ya sa ragowar maganin da ya warkar da wa ba lallai ya dace da ƙane ba, ko da cutar iri ɗaya ce.