Sankarar Maƙogwaro Ba Ta Jiran A Gyara Na'ura

A 1988 Farfesa Rodney Withers da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar baki da maƙogwaro kan ƙara saurin hayayyafa kimanin mako huɗu bayan an fara gashi. Awon DNA ya nuna wani abin: lafiyayyar ƙwaya tana da kromosom 46, ta sankara kuwa sau da yawa lissafinta a hargitse yake, kuma tana iya ninkuwa cikin kwana biyar. Shi ya sa asibitin Mount Vernon na Ingila ya gwada kammala gashin cikin kwana 12, sau uku kullum. Mu kuwa a nan, na'ura ta lalace ana tsakiyar magani, sai a ce wa majiyyaci ya koma gida, za a neme shi.