Maganin Da Ake Samu Daga Funfuna Da Turɓaya

Mai karatu ya sani cewa akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna cikin ruwa, suna cikin ƙasa, suna jikin mutum. Waɗansunsu su ne ke kawo tarin fuka da ciwon sanyi da ruɓewar gyambo. To, maganin da ke kashe su ma daga 'yan'uwansu ake samunsa. Dalili kuwa shi ne, halittun nan suna gasa a kan abinci da mazauni, har waɗansu kan fitar da wani irin dafi domin su hallaka maƙwabtansu. Wannan dafi shi likitoci suka tace, suka mai da shi allura da kafso.

Wanda ya yi suna da gano wannan al'amari shi ne Likita Alexander Fleming na asibitin St Mary's a birnin Landan. A shekarar 1928 ya tarar funfuna ta faɗa cikin wani faranti da yake renon ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Ya sa wa abin da funfunar ke fitarwa suna fenisilin. Amma tace shi ya yi wuya, sai da Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka ɗauki aikin. A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, sai maganin ya ƙare, ya rasu. Daga nan aikin ya koma Amurka, inda a 1943 aka sami funfuna mai yawan bayarwa a jikin wata irin kankana da ta fara ruɓewa a kasuwar garin Peoria.

A cikin shekarar nan kuma, Selman Waksman da ɗalibinsa Albert Schatz suka fitar da sitireftomaisin daga wata ƙwayar ƙasa, shi ne magani na farko da ya ci ƙarfin tarin fuka. Dangin wannan ƙwaya su ne ke ba ƙasa ƙamshin nan da ake ji idan an yi ruwan farko. Sai masana suka dinga tono ƙasa daga nisan duniya suna bincike. Daga ƙasar Benezuwela aka sami kuloramfenikol a 1947, wanda ya daɗe ana maganin taifod da shi.

Amma fa tun da makamin daga wurin ƙwayoyin ya fito, su ma sun san garkuwarsa. Idan mutum ya sha abin da bai kai ƙima ba, raunanan su mutu, masu taurin rai su saura su hayayyafa, har maganin ya daina cin su. Fleming kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945 lokacin da ya karɓi lambar Nobel. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin da suka gagari magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa.

Saboda haka wajibi ne mai saye da mai sayarwa su kula. Wanda ya sayar da kafso biyu ko uku a tire ya ci ribar kwabo, amma ya taimaka wajen ƙarfafa cutar da za ta iya zuwa gidansa gobe. Mura ba ta jin irin wannan magani, domin ƙwayarta daban ce. Kada a sha shi sai likita ya rubuta, a sha a kan lokaci yadda ya ce, kada kuma a ba wani sauran.